Wace irin lamba ce 2,147,483,647, kuma ta yaya aka tabbatar da cewa babu mai raba ta?

Malamin Sakandare ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana lissafi na wannan zaure. Ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na sakandare, kuma ina neman a warware mini wata tambaya da ɗaya daga cikin ɗalibaina ya kawo mini. Yaron yana koyon rubuta manhajar kwamfuta, ya shirya ɗan rumbun bayanai don adana lambobin wayar 'yan ajinsu, amma da ya buɗe rumbun sai ya tarar kowa lambarsa ta koma 2147483647, daga na farko har na ƙarshe. Da muka nemi bayani a intanet, sai muka ga ashe lambar sananniya ce, har an jero mata siffofi masu yawa. An ce lamba ce gagara-rabo, wato wadda babu mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta. An ce lambar Mersenne ce, an ce mai giɓi ce, an ce tana da alaƙa da kammalallun lambobi, an kuma ce ba a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i uku (murabba'i shi ne abin da ake samu idan aka ninka lamba da kanta).

Na fara gwada ta da ƙa'idojin da muke koyar da yara. Ba ta rabuwa da 2 ko 5, domin da 7 ta ƙare. Jimlar alƙalumanta 46 ce, saboda haka ba ta rabuwa da 3 ko 9. Da na raba ta da 11, saura 1 na samu. To amma daga nan hanya ta ƙure mini, domin lamba ce da ta haura biliyan biyu, kuma an ce tun a ƙarni na 18 aka tabbatar da cewa gagara-rabo ce, lokacin da babu kwamfuta, babu na'urar lissafi ta aljihu.

Abin da nake so in sani shi ne yadda mutum da alƙalami da takarda zai iya kai wa ga wannan hukunci da yaƙini, ba da zato ba. Ina kuma so in san ko waɗannan siffofi da aka jero kowace mai zaman kanta ce, ko kuwa wasu daga wasu suke fitowa. Sannan me ya haɗa kasancewarta gagara-rabo da bayyanarta a rumbun ɗalibina? Ba na son in tsaya gaban aji in ce musu "haka masana suka ce" alhali akwai hujjar da za su iya fahimta.

Mai Rubuta Manhaja ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki tambayarka ta ƙarshe, tun da ita ce ta shafi sana'ata, in bar sauran ga waɗanda suka fi ni zurfi.

Kwamfuta tana ajiye lamba ne a jerin gurabe, kowane gurbi ko dai 0 ko 1. Nau'in ajiyar da aka fi amfani da shi ga cikakkun lambobi yana da gurbi 32. Ana ware ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa da shi, sai 31 su rage. Idan aka cika waɗannan gurabe 31 da 1 gaba ɗaya, abin da ake samu shi ne 2,147,483,647. A wata fuskar, idan aka jera 2 sau 31 aka ninka su da juna, wato 2^31, ana samun 2,147,483,648, lambarmu kuma ita ce wannan a ɗebe 1. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce. Idan aka ajiye ta a matsayin lambar lissafi, sifilin farko yana faɗuwa, sai a bar alƙaluma 10 masu farawa da 7 ko 8 ko 9, wato abin da ya haura biliyan bakwai. Wurin da ɗalibinka ya tanada ba zai ɗauki wannan ba, kuma wasu rumbunan, irin su MySQL idan ba a tsaurara saitinsa ba, ba sa ƙin karɓa, sai kawai su rubuta mafi girman abin da za su iya ɗauka. Da lambobin Nijar ne, masu alƙaluma 8, da bai ga komai ba. Maganin shi ne ya ajiye lambar waya a matsayin rubutu, tun da babu wanda yake tara lambobin waya ko ya ninka su.

Wannan iyaka tana bayyana a wurare masu nauyi fiye da rumbun ɗan makaranta. Manhajar da take ajiye kuɗi da kwabo a irin wannan wuri ba za ta wuce naira 21,474,836 da kwabo 47 ba. Tsarin Unix kuma, wanda kwamfutoci da yawa suke aiki da shi, yana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma na'urorin da har yanzu suke ƙirgar a gurbi 32 za su kai maƙura ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4 da minti 14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, ƙirgar za ta juye kamar yadda mitar tsohuwar mota take juyewa idan ta cika, na'urar ta ɗauka cewa tana watan Disamban 1901. Shi ya sa aka daɗe ana mayar da manhajoji zuwa gurbi 64.

Amma ina so in jaddada abu guda, Malam, domin mutane da yawa suna haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Injiniyoyi ba su zaɓi wannan lamba don ta kasance gagara-rabo ba, dacewa ce kawai. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767, kuma ita 7 sau 31 sau 151 ce. Iyakar gurbi 64 ita ce 9,223,372,036,854,775,807, wadda 7 take raba ta. Wurin da na san an ci moriyar kasancewarta gagara-rabo da gangan shi ne wajen samar da lambobin da suke kama da na ƙuri'a. A 1988 masanan kwamfuta Park da Miller suka ba da shawarar a riƙa ninka lamba da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saurar, a sake ninka ta. Da wannan hanya ana bi ta kan dukan lambobi daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin a maimaita ko ɗaya, kuma hakan ba zai yiwu ba da a ce lambar tana da masu raba ta.

Tsohon Malamin Jami'a ya amsa:

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka ƙi ciyar da ɗalibai da "an ce". Hujjar tana nan, kuma mafi yawanta ɗan ajin ƙarshe mai natsuwa zai iya bin ta.

Mataki na farko ka riga ka san shi. Idan lamba tana rabuwa, to masu raba ta bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kuma ƙaramin ba zai wuce tushen murabba'inta ba. 46,340 sau 46,340 yana ba da 2,147,395,600, shi kuma 46,341 sau 46,341 yana ba da 2,147,488,281, wanda ya zarce lambarmu. Ke nan ba biliyan biyu za a gwada ba, iyaka 46,340 ce. Idan aka taƙaita ga lambobi gagara-rabo kaɗai, sun kusa 4,800. Wannan ragi ne mai yawa, amma har yanzu aiki ne da zai cinye wa mutum watanni, kuma kuskure ɗaya a cikin rabawa ya isa ya rushe hukuncin.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne yadda aka gina lambar, ba alƙaluman da muke gani ba. A ɗauka akwai wata lamba gagara-rabo, mu kira ta q, da take raba 2^31 a ɗebe 1. Ma'anar haka ita ce idan aka raba 2^31 da q, saura 1 ake samu. Yanzu a bi jerin 2, 4, 8, 16, 32, ana raba kowace da q ana duba saura. Saurar tana zagayawa ne, tana komawa 1 bayan wani adadin matakai da ba ya canjawa. Tun da ta koma 1 a mataki na 31, dole tsawon zagayen ya raba 31, kuma tun da 31 ba ta rabuwa, tsawon zagayen 31 ne cif. A ɗaya gefen, Pierre de Fermat ya faɗi a 1640 cewa ga kowace lamba gagara-rabo q da ba 2 ba, saurar tana komawa 1 a mataki na q a ɗebe 1. Saboda haka dole 31 ta raba q a ɗebe 1. Sannan q mara ce, don haka q a ɗebe 1 cika ce, 2 ma tana raba ta. Idan aka haɗa biyun, q a ɗebe 1 riɓin 62 ce. Wato duk mai raba lambarmu dole ya fito daga jerin 63, 125, 187, 249, 311 da sauransu, ana ƙara 62 kowane mataki.

Leonhard Euler ya ƙara wani sharaɗi a kan wannan. Idan 2^31 tana barin saura 1, to 2^32 tana barin saura 2, ita kuwa 2^32 murabba'in 65,536 ce. Akwai tabbatacciyar ƙa'ida cewa murabba'i ba ya barin saura 2 idan aka raba shi da q, sai in q ɗin tana barin saura 1 ko 7 idan aka raba ta da 8. Wannan ne kaɗai ɓangaren da zan ce ka gaya wa ɗalibai su karɓa tukuna, domin hujjarsa ta jami'a ce, ko da yake suna iya gwada shi da 7 da 17 da 23 su ga ya tsaya: 9 a raba da 7 saura 2, 36 a raba da 17 saura 2, 25 a raba da 23 saura 2. Da wannan sharaɗi rabin jerin ya zube, abin da ya rage shi ne riɓin 248 a ƙara 1, ko riɓin 248 a ƙara 63.

Ka duba yadda jerin ya zama: 63, 249, 311, 497, 559, 745, 807, 993, 1,055, 1,241, 1,303. A cikin waɗannan, 63 da 249 da 807 da 993 suna rabuwa da 3, 497 tana rabuwa da 7, 559 ita ce 13 sau 43, 745 da 1,055 suna rabuwa da 5, 1,241 kuma 17 sau 73 ce. Saura 311 da 1,303 kaɗai. Idan ka raba 2,147,483,647 da 311 za ka sami 6,905,092 da saura 35. Idan ka raba ta da 1,303 za ka sami 1,648,107 da saura 226. Da rabawa biyu ke nan ka kawar da duk wata lamba daga 2 har zuwa 1,303. Jerin gaba ɗaya har zuwa 46,340 bai kai lambobi 400 ba, kuma idan aka tsame waɗanda suke rabuwa, abin da ya rage bai kai 100 ba. Euler ya sanar da sakamakon a wasiƙar da ya aika wa wani masanin lissafi ɗan gidan Bernoulli a 1772. A lokacin yana birnin St. Petersburg na Rasha, kuma idanunsa sun riga sun kusa rufewa gaba ɗaya, yana yin lissafi da ka, mataimakansa suna rubutawa. Fiye da shekara 70 bayan haka, babu wata lamba gagara-rabo da aka sani wadda ta fi ta girma.

Game da sunan Mersenne kuwa, Marin Mersenne malamin coci ne Bafaranshe, wanda a 1644 ya wallafa jerin lambobin sama, wato p a cikin 2^p a ɗebe 1 (ginin da ake kira lambar Mersenne), da ya ce suna ba da gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Har zuwa 19 an riga an sani, domin Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da 131,071 da 524,287 tun 1588. A kan 31 Mersenne ya dace, amma bai kawo hujja ba, sai da aka jira Euler shekara 128. A kan 67 da 257 bai dace ba, kuma ya tsallake 61 da 89 da 107. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a gaban taron masana lissafi a New York cewa 2^67 a ɗebe 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ina kawo wannan ne domin a ga cewa ko babban masani idan ya faɗi magana ba tare da hujja ba, maganarsa zato ce har sai an gwada ta.

Malamin Sakandare ya sake rubutawa:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, kai ma ɗan uwa mai manhaja na gode ƙwarai. Na zauna na bi rabawar 311 da ta 1,303 da hannuna, saurar ta fito kamar yadda aka faɗa.

Akwai abin da ya ja hankalina a jerin Mersenne. Dukan lambobin saman gagara-rabo ne, amma na ga babu 11 da 23 da 29 a ciki. Na fahimci ke nan kasancewar lambar sama gagara-rabo sharaɗi ne amma bai wadatar ba, sai dai ina son a nuna mini dalilin da ya sa ya zama sharaɗi tun farko. Sannan tambayata ta biyu tana nan: siffofin nan da ake jerowa, wanne ne asali, wanne ne reshe? Wani shafin ma har ya ce lambar ba ta karantuwa iri ɗaya daga dama da hagu, kuma ban ga abin da wannan zai ƙara wa ɗalibi ba.

Ɗalibar Digiri na Biyu ta amsa:

Malam, da izinin Baba zan sa baki, domin a wannan fanni nake karatu.

Dalilin sharaɗin yana bayyana sarai idan aka rubuta lambar da tsarin 0 da 1, kamar yadda yayanmu mai manhaja ya nuna. Lambar da take 2^15 a ɗebe 1 jerin 1 ce guda 15. Ana iya yanka wannan jeri gida biyar, kowane gida 111, wanda yake nufin 7, shi ya sa 7 take raba 32,767. Ana kuma iya yanka shi gida uku, kowane gida 11111, wanda yake nufin 31, shi ya sa 31 ma take raba ta. Duk lokacin da lambar sama take rabuwa, jerin yana yankuwa daidai wa daida, lambar kuma ta rabu. Jerin 1 guda 31 ba ya yankuwa haka. Amma rashin wannan hanya ba ya hana a sami wata: 2^11 a ɗebe 1 ita ce 2,047, wato 23 sau 89, 2^23 a ɗebe 1 ita ce 8,388,607, wato 47 sau 178,481, 2^29 a ɗebe 1 kuma 233 sau 1,103 sau 2,089 ce. Ka lura cewa 23 da 89 duka riɓin 22 ne a ƙara 1, daidai da ƙa'idar da Baba ya bayyana.

A kan siffofin, ra'ayina shi ne a raba su gida biyu kafin a kai su aji. Akwai waɗanda suka dogara da yadda muke rubuta lamba da goma-goma, kamar jimlar alƙaluma da karantuwa daga dama da hagu. Waɗannan ba halin lambar ba ne, halin rubutunmu ne. Hujja kuwa ita ce a tsarin 0 da 1 wannan lamba tana karantuwa iri ɗaya ta kowane gefe, tun da 1 ce zalla. Ba na ganin laifi a yi wasa da su, amma bai kamata a ba su matsayi ɗaya da sauran ba.

Gida na biyu su ne siffofin da ba sa canjawa ko da wane tsari aka rubuta lambar, kuma a nan ma da yawansu rassa ne. Cewa mai giɓi ce yana nufin jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ba ta kai ta ba. To ai duk lamba gagara-rabo haka take, domin jimlar 1 ce kawai. Cewa babu murabba'in da yake raba ta, da cewa masu raba ta biyu ne, duk maimaita magana ɗaya ce. Ita wannan rarrabawa ta mai giɓi da mai rara (wadda jimlar ta haura ta) da kammalalliya tsohuwa ce, tana cikin littafin Nikomakus na wajen shekara ta 100 miladiyya, wanda Sabit ɗan Ƙurra ya fassara zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Amfaninta yana fitowa ne a kan lambobi masu yawan masu raba su, kamar 12 da 28 da 220, ba a kan irin tamu ba.

Siffofin da suke da nauyi a ganina su ne waɗanda suke fitowa daga ginin lambar. Na farko shi ne alaƙarta da kammalallun lambobi, wato waɗanda jimlar masu raba su take daidai da su, kamar 6 da take 1 da 2 da 3. Uƙlidis, masanin lissafin Girkawa, ya tabbatar a Iskandariyya, kimanin shekara 300 kafin miladiyya, cewa idan 2^p a ɗebe 1 gagara-rabo ce, to idan aka ninka ta da rabin 2^p ana samun kammalalliyar lamba. Daga 7 ana samun 4 sau 7, wato 28. Daga 31 ana samun 16 sau 31, wato 496, kuma ɗalibai za su iya tara 1, 2, 4, 8, 16, 31, 62, 124 da 248 su ga 496 ta fito. Daga lambarmu ana samun 1,073,741,824 sau 2,147,483,647, wato 2,305,843,008,139,952,128, wadda ita ce kammalalliyar lamba ta takwas, kuma masu raba ta 62 ne. Ita ce kuma jimlar dukan lambobi daga 1 har zuwa 2,147,483,647, kamar yadda 28 take jimlar 1 zuwa 7. Euler ne ya tabbatar da cewa duk kammalalliyar lamba mai cika daga wannan hanya take fitowa. Ko akwai kammalalliyar lamba mara, wannan tambaya ce da har yau take buɗe.

Na biyu shi ne maganar murabba'ai, wadda nake jin za ta yi wa aji daɗi. Murabba'in kowace lamba idan aka raba shi da 8 yana barin saura 0 ko 1 ko 4, ba ya barin wani abu dabam. Lambarmu kuwa saura 7 take bari, tun da 2^31 tana rabuwa da 8. Duk yadda aka haɗa uku daga cikin 0 da 1 da 4, ba za a sami abin da yake barin saura 7 ba, don haka ba a rubuta ta da murabba'i biyu ko uku. Amma Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa murabba'i huɗu sun ishi kowace cikakkiyar lamba, kuma ga nata: murabba'in 46,339 shi ne 2,147,302,921, na 425 shi ne 180,625, na 10 shi ne 100, na 1 kuma 1. A tara su, za a ga lambar ta fito ba ragi ba ƙari. Haka 31 take, 25 da 4 da 1 da 1, haka ma 127, 121 da 4 da 1 da 1.

Na uku shi ne cewa lambar samanta, 31, ita ma ta Mersenne ce, domin 2^5 a ɗebe 1 ce. Lambobi gagara-rabo masu irin wannan gini mai hawa biyu guda huɗu kaɗai aka sani: 7, da 127, da 2,147,483,647, da 2^127 a ɗebe 1, mai alƙaluma 39, wadda Édouard Lucas ya tabbatar a 1876. Idan aka ɗora lambarmu ita ma a sama, abin da yake fitowa yana rabuwa, an gano masu raba shi da kwamfuta. A taƙaice kuma, ba ta da tagwai, wato wata gagara-rabo da take nesa da ita da 2 kacal, domin 2,147,483,645 tana rabuwa da 5, ita kuma 2,147,483,649 ita ce 3 sau 715,827,883.

Tsohon Malamin Jami'a ya ƙara da cewa:

'Yata ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya yi wa karatunta albarka. Inda zan ɗan bambanta da ita shi ne a kan jimlar alƙaluma. Gaskiya ne ta dogara da tsarin goma-goma, amma abin da take faɗa, wato saurar lamba idan aka raba ta da 9, hali ne na lambar kanta. Jimlar 46 tana barin saura 1, kuma duk tsarin da aka bi, 2,147,483,647 a raba da 9 saura 1 ce. Don haka ka da Malam ya raina gwajin da ya fara da shi a gaban yara.

A yau ba hanyar Euler ake bi ba. Lucas ya ƙirƙiro wani gwaji, Derrick Lehmer ya kammala shi a shekarun 1930. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a maimaita. Idan lambar sama p ce, ana yin haka sau p a ɗebe 2, kuma idan aka ƙare da sifili lambar gagara-rabo ce, idan ba haka ba tana rabuwa. A kan 31, inda p take 5, matakai uku ne: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194 wadda saurarta 8, 8 ta ba da 62 wadda saurarta sifili. A kan lambarmu matakai 29 ne kacal. Da wannan gwaji aka tabbatar da 2^136,279,841 a ɗebe 1, mai alƙaluma 41,024,320, wadda aka gano a watan Oktoban 2024 ƙarƙashin GIMPS, shirin neman lambobin Mersenne ta intanet, kuma a lokacin ta zama ta 52 a cikin lambobin Mersenne gagara-rabo da aka sani. Peter Barlow na Ingila ya rubuta a 1811 cewa ba ya tsammanin wani zai nemi kammalalliyar lamba da ta wuce ta Euler, domin a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani. A 1883 Ivan Pervushin, wani limamin coci a Rasha, ya tabbatar da 2^61 a ɗebe 1, wadda ta ba da ta tara.

Shawarata ga ajinka, Malam, ita ce ka bar su su yi aikin Euler da hannunsu a kan ƙaramar lamba. Ka ba su 8,191, wato 2^13 a ɗebe 1. Tushen murabba'inta bai kai 91 ba, kuma masu raba ta dole su zama riɓin 26 a ƙara 1, wato 27 da 53 da 79. Ita 27 tana rabuwa da 3, 53 kuma saura 5 take bari idan aka raba ta da 8, saboda haka 79 kaɗai ta rage. 8,191 a raba da 79 ana samun 103 da saura 54, hukunci ya tabbata da rabawa ɗaya. Masu ƙwazo ka ba su 131,071, inda za su tarar 103 da 137 da 239 ne kaɗai abin gwadawa, saurar kuma 55 da 99 da 99. Daga nan sai ka ba su 8,388,607 ba tare da ka gaya musu komai ba, su nemo jerin da kansu. Lamba ta farko a jerin ita ce 47, kuma za ta raba ta.